Wasiƙa zuwa Yauri: Auta ta shiga rigatar Ingila

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan dubun gaisuwa, ina fata kana lafiya, da kai da uwargida da yara da su Inna. Yaya damina? Yaya kogi? Na san war haka ruwa ya fara cikowa ya yi ja, 'yan fito sun ja jiragensu sama da inda suke ɗaurewa da rani. Ka yi mini afuwa kan shirun da na yi tun bayan Babbar Sallah. Labarin da ke bakina ya fi ƙarfin saƙon murya na WhatsApp, shi ya sa na zauna na rubuto maka a tsanake.

Ranar Asabar muka dawo daga Weymouth, wani gari na bakin teku a kudancin Ingila, tafiyar awa uku da 'yan kai a mota daga Landan. Mako guda muka yi a can, saboda ɗiyarka Auta ta shiga gasar ƙasa ta tseren ƙananan jiragen ruwa na yara. Ka san yadda suke kiran irin wannan taro? Da sunan da muke kiran bikinmu na Yauri, rigata. Ranar da na fara jin kalmar a bakin wani dattijon Bature sai da zuciyata ta yi gida. Ashe doguwar tafiya kalmar ta yi kafin ta iso kwatarmu. Asalinta daga birnin Benis na Italiya ne, inda matuƙa ke tsere a hanyoyin ruwan garin, Ingilishi suka ara, mu ma muka ara daga wurinsu.

Sai dai tseren nasu ya sha bamban da namu. A namu ƙarti ne cike da jirgi, ga kiɗa ga kirari, filafilai na sauka a ruwa a tare. A nan yaro ɗaya ne tak a cikin jirgi, ba filafili ba inji. Daga shi sai iska, sai wani ƙyalle guda da aka ɗaura a jikin sanda.

Sunan jirgin Optimist. In ka gan shi a ƙasa sai ka ce komin shayar da dabbobi ne, goshinsa a yanke, ba shi da tsini irin na kwale-kwalenmu. Tsawonsa mita 2 da ɗan ɗori, nauyinsa kilo 35, ni da uwargida muke ɗaga shi mu ɗora a kan mota. Wani maƙerin jirage Ba'amurke, Clark Mills, ya zana shi a 1947 a garin Clearwater na jihar Florida, da nufin uba ya sayi falankin katako ya haɗa wa ɗansa a gida da kuɗin da bai wuce dala 50 ba. Daga can ya shiga Denmak, ya bazu a duniya, kuma yaro na tsere da shi har ya kai shekara 15. Kada ka raina shi. Ben Ainslie, wanda ya ciyo wa Birtaniya zinare huɗu a gasar Olamfik, a cikin irin wannan akwatin ya fara, kuma zinarensa na huɗu a ruwan nan na Weymouth ya ci shi a 2012. Auta ta san wannan tun kafin mu taso, kuma da muka iso ta daɗe a tsaye tana kallon ruwan ba ta ce komai ba.

Na san tambayar da za ka yi, don ita na fara yi shekara uku da suka wuce, lokacin da makarantarsu ta kai su wata madatsar ruwa a yammacin Landan ta dawo ta ce ita fa ta samu abin yi. In iska ce ke tura jirgi, yaya za a yi a nufi wajen da iskar ke fitowa? To ga yadda abin yake. Ƙyallen ba buhu ba ne da iska ke cikawa kawai. In yaro ya ja igiyarsa ya matso da shi jikin jirgi, sai ya lanƙwashe kamar fiffiken shaho, iskar da ke bi ta gefensa biyu ta riƙa jan sa gefe da kuma gaba. A tsakiyar jirgin akwai wani allo da ake zurawa ya leƙa cikin ruwa, shi ke hana jirgin zamewa gefe. Iska na matsawa ta sama, ruwa na tokarewa ta ƙasa, sai jirgin ya sulale gaba, kamar ka matse ɗan kankana jiƙaƙƙe tsakanin yatsu biyu. Duk da haka ba ya shiga cikin iska kai tsaye. Sai dai ya karkace, ya yi dama ya dawo ya yi hagu, yadda jaki mai kaya ke hawan gangaren kogi. Gwanintar tana wajen sanin lokacin juyawa. Iska ba ta tsayawa wuri ɗaya, tana ɗan kaucewa kowane lokaci, kuma yaron da ya hango duhu-duhun da take yi a fuskar ruwa kafin ta iso, shi ke wuce 'yan uwansa. Ka tuna yadda tsofaffin masunta ke duban ruwa su ce ga inda yashi yake, ga inda zurfi yake? Irin wannan idon ne, sai dai su iska suke karantawa.

An yi tseren ne a tashar Portland da ke gefen Weymouth, wani makeken ruwa da aka kewaye da katangun dutse waɗanda fursunoni suka fara ginawa tun 1849. Jirage ɗaruruwa ne, an raba su rukuni-rukuni, na manya da na ƙanana da na 'yan koyo. Kafin a fara sai da aka auna kayan kowa, don a tabbatar ba wanda ƙyallensa ya fi na wani girma. Wannan ya burge ni. Jirgi iri ɗaya ne, saboda haka in an wuce ka, hannu ne ya wuce ka.

Tashin tseren shi ne abin kallo. Layin farawa ba a ganin sa, tsakanin jirgin alƙalai ne da wata alama mai yawo a ruwa. Jirgin iska kuma ba shi da birki. A busa ƙaho saura minti biyar, a sake busawa saura huɗu, sannan saura ɗaya, kowane da tutarsa, yara kuwa na ta kai da kawo a bayan layin suna duban agogon hannunsu, kowa na son ya iso daidai lokacin da gudu, ba tare da ya tsallake ba. In sun cika zumuɗi an mai da su baya sau ɗaya ko biyu, sai alƙalai su ɗaga baƙar tuta. Daga nan duk wanda ya leƙa gaban layi a mintin ƙarshe ya fita daga wannan tseren, ba roƙo ba magiya. Maki kuma a juye yake: na ɗaya maki ɗaya, na hamsin maki hamsin, a ƙarshen mako mai ƙarancin maki shi ne zakara, bayan an yafe wa kowa tserensa mafi muni.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto maka. Iyaye kan ba da kansu don taimakawa, ni kuma da suka ji a bakin kogi na tashi kuma na iya iyo, sai aka sa ni cikin ɗaya daga jiragen ceto masu inji, tare da wata dattijuwa da ta daɗe tana wannan aikin. Tun da safe ta ja mini kunne. Doka ta hana yaro karɓar taimako daga waje yana cikin tsere, ko da shawara ce ta baki, sai fa in yana cikin haɗari. Ko ɗiyata ta wuce ta gabana, ba zan ce mata uffan ba.

Ranar Laraba iska ta taso da ƙarfi, ruwa ya yi fari da kumfa. Muna tsaye kusa da alamar kwana sai na hango lambar Auta. Ta zo juyawa, iska ta fizgi ƙyallen ya tsallaka ɗaya gefen da ƙarfi, kafin ka ce kwabo jirgin ya kife, gindinsa a sama. Aminina, ban san lokacin da na miƙe ba. Kai ka san abin da kifewar jirgi ke nufi a wurinmu, ka san gidajen da muka shiga ta'aziyya. Dattijuwar nan ta dafa hannuna ta ce in nemi kan yarinyar tukuna. Sai ga hularta ta ɓullo a gefen jirgin, rigar ruwan da ke jikinta, mai hana mutum nutsewa, ta riƙe ta a sama. Ta ɗaga mana babban yatsa alamar lafiya. Ta haye bayan jirgin, ta kama allon nan da hannu biyu ta jingina da dukkan nauyinta, jirgin ya mirgino a hankali ya tashi cike da ruwa. Akwai jakunkunan iska uku a ɗaure a cikinsa, su ke hana shi nutsewa. Ta ja jiki ta shiga, ta ɗauki moɗar roba da ke ɗaure da igiya ta fara kwarfa, leɓunanta sun yi fari saboda sanyi. Tsakanina da ita bai fi taku ashirin ba. Ina ta Hasbunallahu a zuci, bakina a rufe. Ta fi minti biyar tana kwarfa, duk rukuninsu suka wuce ta, sannan ta ja igiya ta bi bayansu. Ita ce ta kusa da ƙarshe a wannan tseren, amma ta ƙarasa.

Washegari kuma wani abu ya faru wanda ya fi wannan tsaya mini a rai. Iska ta yi sauƙi, Auta ta yi tashi mai kyau, tana cikin goma na gaba, matsayin da ba ta taɓa samu ba a babbar gasa. Wajen zagaya alamar farko gefen jirginta ya ɗan gogi alamar. Gogar ba ta kai a ce wani abu ba. Jirgin alƙalai na can nesa, yaran da ke kusa da ita kowa na fama da nasa, ba wanda ya yi ihu. A dokarsu wanda ya taɓa alama shi zai hukunta kansa, ya fita gefe ya juya jirginsa zagaye guda cikakke, in kuma wani jirgin ya shiga wa hanya ba bisa ƙa'ida ba, zagaye biyu. Na ga ta ɗan waiga ta dubi alamar. Sai ta karkata gefe ta yi juyin. Kafin ta daidaita jirage sun fi goma sha biyar da suka wuce ta.

Da yamma muna wanke gishiri daga jikin jirgin na ce mata, "Auta, ai ba wanda ya ga kin taɓa." Ina so in ji abin da za ta ce ne. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Baba, ai ni na ji ƙarar." Ta ci gaba da wankinta. Na juya baya kamar ina naɗe igiya, don idona ya ciko. Ka san fargabar da ke cin duk wanda ke renon 'ya'ya a ƙasar nan, kullum kana tunanin ko abin da aka dasa mana a zauren malam zai kama a zuciyarsu. A daren nan na kira Inna na ba ta labari, ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wai da kakan yarinyar take, wanda ya yi shekaru yana fito ba a taɓa jin ya ƙara wa wani kuɗi a tsakiyar ruwa ba.

A ƙarshen mako ta zo tsakiyar rukuni na biyu, wanda suke kira na azurfa. Ba kofi, sai 'yar riga mai tambarin gasar, wadda har yau ta ƙi cirewa.

Akwai abin da bai yi mini daɗi ba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Jirgin da aka zana don ɗan talaka ya zama wasan masu hali. Sabo ya haura fam dubu biyu, ban da ƙyalle da kayan sanyi da kuɗin masauki. Namu na hannu muka saya, mu ne masu shi na huɗu, kuma a tanti muka kwana duk makon. Baƙar fata a wurin ba su da yawa. Mutane sun karɓe mu da mutunci, har wani makwabcin tantinmu ya riƙa kauda kayansa in zan shimfiɗa sallaya, amma na san yara da yawa masu ido da zuciya irin na Auta ba za su taɓa zuwa bakin ruwan nan ba.

Abin da kuma ya hana ni barci a hanyar dawowa shi ne rigar ruwa. A can ba yaron da ke taɓa ruwa sai da ita a jikinsa. Kowane yaro na karɓar zobe mai lamba a hannu kafin ya fita, ya mayar in ya dawo, kuma ba a tashi sai an ga zoben kowa ya koma kan allo. Ina kallon wannan sai garin Wara na jiharmu ta Kebbi ya faɗo mini a rai, jirgin nan da ya kife a watan Mayu na 2021 da mutane masu yawa, akasarinsu masu neman abinci, suka tafi ba su dawo ba. Mutanenmu sun fi waɗannan yaran sanin ruwa nesa ba kusa ba. Abin da yaran suka fi mu da shi 'yar rigar nan ce da ƙidayar kai.

A ranar ƙarshe iyaye sukan baje kayan da 'ya'yansu suka girme wa, a sayar da araha. Na sayi riguna goma sha biyu, takwas na yara huɗu na manya, wata mata da ta ji inda za su ta ƙara mini biyu kyauta. Na duba ɗinkinsu da maɗaurinsu ɗaya bayan ɗaya, duk lafiya lau. Zan ba wani ɗan uwa da zai zo gida a watan Disamba ya kawo maka. Ina roƙon ka ka kai su kwata da kanka, ka samu sarkin ruwa ku yi magana, a ba mai jirgin da ke ɗauko 'yan makaranta daga ƙetare. Ka nuna masa yadda ake ɗaure igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu, don in ba a ɗaure ta ba rigar kan zame ta kan yaro in ya faɗa ruwa. Zan sa Auta ta yi ɗan bidiyo ta nuna yadda ake sawa, in turo maka.

Tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko iska na kaɗawa sosai a tafkin Kainji da hunturu, don ta ƙudurta sai ta tuƙa jirgi a ruwan kakanninta. Ka rubuto mata amsa da hannunka, za ta ji daɗi. Ka gaishe da Inna da uwargida da duk mutanen majalisa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare masu shiga ruwa.

Wassalam,
Naka amini