Akwatin da ke ƙarƙashin gadon Kaka

Aboabo, Kumasi

Ƙawata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Saƙonki na ta'aziyya ya iso, Allah ya bar zumunci. Jiya muka yi addu'ar arba'in ta Kaka, shi ya sa sai yau na samu zama.

Ai kin san ta. Kafin gari ya waye ta idar da lazimi, ta fito da tukunyar koko da ƙosai ƙofar gida, yaran makarantar allo kuwa ba ta taɓa karɓar kuɗinsu ba. In mace ta rasu a unguwa, ƙofarta ake bugawa ko da tsakar dare ne, ta ɗauki ƙwarya da sabulu ta tafi wanka. Sau da yawa likkafanin ma daga kuɗin adashinta yake fitowa, sai jiya muka ji haka daga bakin matan da suka zo daga Asawase da Tafo, har da Nima ta Ankara, babban birnin Ghana.

Amma abin da ya hana ni barci daban ne. Kin tuna akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin gadonta, wanda take kore mu in mun zauna a kai? Ashe ba nata ba ne. A ƙarshen 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar Ghana, wata maƙwabciyarta, matar wani mai fataucin goro, ta bar mata shi amana, ta ce za ta dawo. Ba ta dawo ba. Da Najeriya ta koro 'yan Ghana a 1983, duk wanda ya sauka zango sai Kaka ta tambaye shi labarinta.

Mun buɗe shi gaban limamin unguwa. Zannuwa shida ne a ninke, da tasoshin aure, da warwaro biyu a ƙulle cikin ɗankwali. Ƙanshin kafur har yanzu, domin duk shekara sai ta shanya su ta mayar. Ta ga yunwar 1983 da idonta, 'yar'uwa, amma ko zare ba ta sayar ba. Da na ɗaga zanen sama, kuka ya ƙwace mini.

Kawu ya ce mutanen Kano ne, wajen Fagge. Zan turo miki sunan matar da na mijinta ta waya. Don Allah ki tambaya mana wurin tsofaffin 'yan goro, ko jika ɗaya aka samu mu miƙa masa kayansu.

Ki gaishe da Inna.

Taki har kullum.