Wasiƙa kan Perpetua, Lwanga da Bakhita

Ɗan'uwa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da maiɗaki da yara. Bayan haka, game da waliyyan da kake so ka kwatanta wa 'yan ajin baftisma, kada ka wuce uku, kuma ka ɗauko 'yan Afirka.

Fara da Perpetua, wadda aka jefa wa namun daji a Kartaj, Tunisiya ta yau, a shekarar 203. Shekarunta wajen 22, ga goyo a hannu. Abin da hukumar Rum ta nema ƙanƙane ne: ta miƙa hadaya domin lafiyar Kaisar, ta koma gida. Da mahaifinta ya matsa mata, sai ta nuna masa tulu, ta ce kamar yadda ba a kiran tulu da wani suna, ita ma ba ta da suna sai Kirista. Felisita, baiwar da aka kashe su tare, a kurkuku ta haihu.

Sai Charles Lwanga, shugaban yaran fadar Sarki Mwanga na Buganda, a Yuganda ta yau. Shi cikin gida fitinarsa take, domin ya tsaya ne tsakanin sarki da samarin da yake nema da lalata. An ƙone shi a Namugongo ran 3 ga Yuni 1886. Inda masu koyarwa ke tuntuɓe: ba shi kaɗai aka kashe ba, shahidan Buganda 45 ne, Katolika 22, Angilikan 23, kuma ba rana ɗaya aka kashe su ba, abin ya ja daga 1885 zuwa 1887.

A kan Josephine Bakhita za ka fi daɗewa, don ita ba a kashe ta ba. An sace ta tana yarinya a Darfur, aka yi ta sayar da ita har ta manta sunanta na yanka. Wata uwargijiyarta ta sa aka tsaga mata jiki wuri 114, ana cusa gishiri. Ta karɓi baftisma a Italiya a 1890, ta shiga zuhudu, ta ƙare rayuwarta tana girki da tsaron ƙofa a garin Schio na Italiya har rasuwarta a 1947, ta kuma yafe wa waɗanda suka sace ta. A ganina shaidarta ce yara za su iya ɗauka su kai gida.

Za su tambaye ka wa ya ce waliyyai ne. Perpetua jama'ar garinta ne suka riƙa tunawa da ranar mutuwarta. Lwanga kuwa Fafaroma ne ya tabbatar da shi a 1964, Bakhita a 2000, bayan binciken rayuwa da na mu'ujiza.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
abokinka