Takardar da ke Gefen Gadon Baba

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ya mai jiki, ya kuma ƙoƙari? Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Saƙonki ya iso, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne cewar da kika yi takardar da nas ke cikewa a gefen gadonsa tana ɗaga miki hankali, don ba ki gane komai a cikinta. Tunda nisa ya hana ni zuwa in taya ki jinya, bari in karanta miki ita daga nan.

Zafin jiki kin san shi: wajen digiri 37 lafiya lau ne, in ya kai 38 zazzaɓi ya shigo. Bugun zuciyar babban mutum a hute kuwa 60 zuwa 100 ne a minti guda. In kika ji likita ya ce takikadiya, bugun ya haura 100 ke nan. Biradikadiya kuma ya gaza 60. Zazzaɓi, raɗaɗi, tsoro ko ƙarancin ruwa a jiki duk suna sa zuciya gudu. Kina iya ji da kanki. Ɗora manuniya da ɗan yatsan tsakiya a wuyan hannunsa, ta ɓangaren babban yatsa, ki danna kaɗan. Kada ki sa babban yatsanki, shi ma yana da nasa bugun, sai ki ƙirga naki a madadin nasa.

Awon jini lamba biyu ne, misali 120/80. Ta sama, sistolik, ƙarfin jini ne lokacin da zuciya ta matse ta tura shi. Ta ƙasa, diyastolik, lokacin da ta saki tana cika. Wanda awonsa ke kai 140/90 a kai a kai shi ake cewa yana da hawan jini. Kowa tsoron hawa yake, amma ga wanda ke kwance a asibiti faɗuwar ma abin tsoro ce. In ta sama ta sauka ƙasa da 90, hannuwansa suka yi sanyi, maganarsa ta rikice, kira nas nan take.

Numfashi ne na fi so ki sa wa ido, domin sau da yawa shi ke fara sauyawa kafin sauran, kuma shi aka fi aunawa a gurguje. Babba yana yin 12 zuwa 20 a minti. Ki ƙirga minti cikakke kina kallon ƙirjinsa, ba tare da ya sani ba, don da mutum ya gane ana ƙirga masa sai ya canja. Duba ko yana iya ƙarasa magana ba tare da ya tsaya haki ba, ko jijiyoyin wuyansa suna miƙewa in ya ja iska. Leƙa cikin leɓensa da harshensa. In sun koma shuɗi-shuɗi ko toka-toka, wannan ne sayanosis, alamar iskar oksijin ta yi ƙaranci a jini. Ɗan na'urar da ake maƙala masa a yatsa oksijin ɗin take aunawa: 95 zuwa sama daidai ne ga yawancin mutane, ƙasa da 90 kuwa ba a jira. Yatsa mai sanyi kan sa ta ba da lambar da ba daidai ba, to ki ɗumama masa hannu a sake gwadawa.

Don Allah kada ki ji nauyin tambayar likita in sun zo zagaye. Ki aiko mini da lambobin safe da na dare, mu riƙa dubawa tare. Ki gaida Baba da jiki, ke ma ki samu ki runtsa.

Taki har kullum,
Ƙawarki