Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Auna Alamomin da ke Kan DNA na Dabbobi

Assalamu alaikum, malamai da ɗalibai mambobin ƙungiyarmu ta masu nazarin sinadaran halitta a Bauchi. Kamar yadda babban taro ya amince, zamanmu na wata-wata a Yelwa ya karkata bana ga batu guda, wato alamomin da ke hawa kan DNA su sauya aikin ƙwayar gado ba tare da sun taɓa jerin harufanta ba. Wani dattijonmu ya kwatanta su da wasali a kan baƙi, kuma kwatancen ya zauna.

Mun faro daga aikin Rollin Hotchkiss, wanda a 1948 ya ga alamar metil, wani ɗan ƙaramin sinadari, a kan harafin saitosin cikin DNA na maraƙi, muka gangaro zuwa 2009, lokacin da Kriaucionis da Heintz suka sami wata alama ta biyu a kan saitosin, wato haidiroksimetil, a ƙwaƙwalwar ɓera, ayarin Anjana Rao kuma ya nuna cewa inzayim ɗin TET1, furotin mai sarrafa sinadarai, shi ne ke samar da ita daga alamar metil. Nan ne amfanin na'urar auna nauyin sinadarai ya fito fili, domin tsohuwar hanyar gwaji da sinadarin baisalfet ba ta bambance alamomin biyu, ita kuwa na'urar tana raba su da nauyi: metil yana ƙara dalton 14 (dalton ma'aunin nauyin ƙwayoyin sinadari ne), haidiroksimetil yana ƙara 30. Bayan an narkar da DNA zuwa tubalansa, ana ganin tubalin saitosin da ba shi da alama a lamba 228, mai metil a 242, ɗayan kuma a 258. Sai dai mun jaddada wa ɗalibai cewa na'urar tana faɗin yawan alamar ne a cikin samfur baki ɗaya, ba ta nuna gurbin da take zaune a kai.

Tun da ba mu mallaki na'urar ba, aikin hannu ya tsaya ga shirya samfur. Mun riƙa zuwa mahauta da asuba muna karɓar hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwar awaki, muna garzayawa da su cikin ƙanƙara. Mun gode wa mahautan, waɗanda ba su taɓa ƙosawa da mu ba. Ɗalibai sun koyi tace DNA da kawar da RNA daga cikinsa.

Asarar da muka yi ba ta ɓoyuwa. A tsakiyar bazara wuta ta ɗauke kwanaki a jere, firjin ajiya ya saki, samfurin ƙwaƙwalwa duk ya lalace, alhali shi muka fi buƙata, tun da a ƙwaƙwalwa haidiroksimetil ya fi yawa. A ganin kwamiti, gyara ajiya ya fi neman na'ura gaggawa.

Saboda haka muna roƙon babban taro ya amince a juya kuɗin tafiye-tafiye na baɗi zuwa sayen sola da batura, sannan waɗanda ake bi kuɗin shekara su tuntuɓi ma'aji kafin zama na gaba.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa.