Masu zanen Maraɗi na buƙatar ɗakin nuni

Malam Edita, assalamu alaikum.

Wani matashi mai zane a unguwar Bagalam ya baje aikinsa a zauren gidansu, don ba shi da wani wurin. Da rana allunan shaguna yake rubutawa ya samu na cefane. Da dare yake zana abin da ransa ke so: mata masu suyar ƙuli-ƙuli, masu lambu a bakin Gulbi. Fenti ya yi tsada, har da jan ƙasa yake haɗa launi.

Yamai na da gidan tarihi tun 1959. Maraɗi fa, duk da attajiranta? Don Allah Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ko hukumar birni ta ware ɗaki guda, ƴan makaranta su riƙa zuwa kallo.

Mai karatunku,
daga Maraɗi