Baba ya daina gane ni: in mayar da shi gida ko in riƙe shi a Legas?

Assalamu alaikum Hajiya, ya aiki, ya iyali? Ni mai sauraron shirinki ce daga Agege, kuma ina roƙon a sakaya sunana.

Mahaifina yana da shekara 78. Tun yana saurayi ya baro Katsina, ya yi sama da shekara arba'in yana harkar tumatir da attaruhu a kasuwar Mile 12. Mutum ne da yake lissafin kwando ɗari da ka, ba biro ba takarda. Bayan rasuwar Inna, shekara uku ke nan, muka fara ganin canji. Ya ci abinci ya ce ba a ba shi ba. Ya tura kuɗinsa ƙarƙashin katifa, ya tashi gida da ihun an yi masa sata. Muka ce kewar Inna ce da gigin tsufa, muka yi ta masa rubutu da ruƙiyya.

Abin da ya tada mini hankali ya faru da azumin bara. Bayan sahur muka nemi Baba muka rasa. Sai wajen hantsi wata maƙwabciyarmu Bayarbiya ta dawo da shi, ta tsince shi a bakin layin dogo, takalmi ƙafa ɗaya, wai yana jiran motar kaya daga Arewa. Ta yi masa magana da Yarbanci, harshen da ya shekara arba'in yana ciniki da shi, ya tsaya yana kallonta kawai. Yarbancin ya gudu, Hausa kaɗai ta rage masa. A garin da tsoho kan ɓata a ɗauke shi mahaukaci ko maye, Hajiya, kin san abin da nake tsoro.

Na kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba. Likita ta ce dimenshiya ce, cutar da take cinye ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, kuma ba kowane tsoho take kamawa ba. Ta ce nau'in Alzheimer ya fi yawa, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu ita, amma hawan jinin da Baba ya daɗe yana wasa da maganinsa shi ma yana lalata jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Babu maganin warkewa, sai na sassauci. Da ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita a duniya, na ji ɗan sanyi, ashe ba wani ne ya yi mana jifa ba.

Yayyena maza biyu da ke Katsina ba su ji wannan sanyin ba. Babban ya ce na tozarta Baba da na kai shi asibitin mahaukata. Sun dage sammu ne daga abokan kasuwa, in sa shi a mota su nema masa magani. Amma da na ce wa zai riƙa yi masa wanka da canza shimfiɗa idan ya yi fitsari, sai wayar ta yi shiru. Likita kuma ta gargaɗe ni cewa sauya wuri kan ƙara rikita mai wannan ciwo.

Ni kuwa na gaji. Ɗaki biyu gare mu, da yara huɗu. Da magariba ta yi sai Baba ya ƙulle kayansa a leda ya tsaya bakin ƙofa, yana cewa "Baiwar Allah, buɗe mini, iyalina suna jirana." Ni ce baiwar Allahn. Wani lokaci ya kira ni da sunan Inna. Na bar sana'ar ɗinki saboda ba dama in kau da ido. Maigidana yana haƙuri, amma kwana biyu ya rage magana. Ran nan Baba ya ce na sace masa hula, na daka masa tsawa, ya yi tsuru kamar yaro. Na shiga bayan gida na yi kuka, ina tuna ayar da ta hana mu ce wa iyaye ko da "uf".

Hajiya, in miƙa shi ga yayyena ko in riƙe shi? Idan na miƙa shi, na yar da amana ke nan? Kulle ƙofar da nake yi da dare, kariya ce ko zalunci? Idan ya tambayi Inna, in sake gaya masa ta rasu ya yi kuka sabo, ko in ce ta je unguwa? Don Allah ki tambayar mini malamai kuma: yakan yi azahar sau uku, wata rana ya yi sallama a raka'ar farko. In riƙa gyara masa, ko an ɗauke masa alƙalami?

Taki,
wata 'yarki daga Agege, Legas