Kokenmu ga Mai Girma Hakimi kan ɗaure masu taɓin hankali da cinye musu gado

Assalamu alaikum warahmatullah.

Allah ya ja zamanin Mai Girma Hakimi, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya ƙara wa Mai Martaba Sarki lafiya. Mu ne talakawanka, dattawa da matasa da iyaye mata na unguwar nan ta bayan kasuwa. Muna gaisuwa, muna kuma neman afuwa tun yanzu idan harshe ya zarce, don abin ya kai mu maƙura.

Ranka ya daɗe, ranar Juma'ar da ta wuce aka fito da wani yaronmu daga gidan marin nan na kusa da maƙabarta, a baro aka turo shi don ba ya iya taka ƙasa. Mari ya ci ƙafarsa ta dama har ta ruɓe tana wari, bayansa duk shatin bulala, ya rame sai ido, uwarsa da ta gan shi a nan ta zube. Yanzu haka yana asibiti ana ta faman yadda za a ceci ƙafar kada a yanke. Yaron nan tela ne, rabin samarin unguwar nan shi ke ɗinka musu kayan sallah, bayan rasuwar babansa ne ya daina barci ya fara surutai shi kaɗai. Ba ya shaye-shaye, mun faɗa ne don mun san abin da za a fara cewa kenan, kuma ko da ɗan ƙwaya ne ai ba a ce a ruɓar masa da ƙafa ba.

Abin da ya fi ƙona mana rai, Allah ya taimake ka, yana can a ɗaure aka sayar da kasonsa na gidan gado. Mun ga takardar cinikin da idonmu, akwai dangwalen yatsansa a jiki, akwai sa hannun shaidu, har da hatimi. To dan Allah wa ya ɗauki tawada ya bi shi har inda yake a ɗaure? Mutumin da aka ce ba shi da hankalin da zai zauna a ɗakin uwarsa, shi ne kuma yake da hankalin sayar da gida? Ba mu rubuta sunan kowa a nan ba saboda girman fada, amma in aka kira mu wallahi za mu faɗa baki da baki.

Kuma ba yau muka fara magana a kan gidan marin nan ba. Mun je wajen mai unguwa, mun je wajen dagaci, an kai maganar caji ofis aka ce harkar cikin gida ce ku je ku sasanta, an rubuta wa ƙaramar hukuma aka ce za a kafa kwamiti, lokacin kamfe ma wani ya zo ya yi mana alkawari, shiru kake ji. Maƙwabtan gidan kuwa kullum da dare suna jin ihu.

Ranka ya daɗe ka fi mu sani, a Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, makonni kaɗan bayan nan aka buɗe irinsa a Daura. Duniya ta gani, aka yi ta rufe gidaje, da ƙura ta lafa wasu suka canja suna suka ci gaba. Sannan yanzu akwai doka. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, mai asali tun 1916 zamanin Turawa, wadda ita damuwarta kawai a kulle mutum. Sabuwar ta hana ɗaure mara lafiya da sarƙa, ta hana azabtar da shi da nuna masa wariya, ta ba shi haƙƙin a yi masa magani kamar kowane mara lafiya. Amma a unguwarmu ko labarinta ba a ji ba.

In ma an ce wannan dokar boko ce, to ga shari'armu. A Suratun Nisa'i aya ta 5 Allah ya yi umarni a riƙe wa wanda ba ya iya juya dukiya dukiyarsa, a ciyar da shi a tufatar da shi daga cikinta, a gaya masa magana mai daɗi. Liman ɗinmu ya tabbatar mana cinikin wanda hankalinsa ya gushe ba ya ƙulluwa, waliyyi ke kula masa da dukiya ƙarƙashin idon alƙali har ya warke. Ba a ce baffa ya haɗa baki da dillali ba.

Mu ba faɗa muke da malamai ba, ruƙiya da addu'a duk muna yi. Iyaye ma da yawa ba mugunta ke sa su kai yaro can ba, rashi ne, likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, kuɗin motar zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko na Dawanau kaɗai ya isa ya karya talaka balle magani duk wata. Wasu kuma tsoro ne, don wanda ya yi yunƙurin kashe kansa har yau mai laifi ne a sashe na 231 na Final Kod, wato dokar laifuka ta Arewa, sai a ɓoye shi a gida maimakon a kai shi asibiti.

Don haka muke roƙo, Allah ya ba ka nasara, a tura wakilin fada tare da jami'in lafiya da 'yan sanda su shiga gidan marin nan su ƙirga mutanen da ke ciki, a kwance su a kai su asibiti, don akwai sauran mutane har da mata. A dakatar da cinikin gidan yaron nan a miƙa wa alƙali. A ja kunnen masu unguwanni kada wani ya sake buga hatimi a kan dukiyar mai lalurar ƙwaƙwalwa sai da izinin kotu. Muna roƙo ka isar wa ciyaman a samo mana ko nas ɗaya mai horon ƙwaƙwalwa a asibitin unguwa ko da sau ɗaya ne a mako, limamai su yi huɗuba a kai, yara su daina jifan marasa lafiya a titi. Kuma dan Allah maganar gidan gadon nan, wanda ya saya har ya sauke bulo da yashi, in ba a tsayar da shi a makon nan ba zai rushe ɗakin.

Matasanmu sun so su je da kansu, dattawa suka hana, muka ce a jira fada tukunna. Muna jiran kiranka, ranka ya daɗe.

Talakawanka masu biyayya,
Dattawa, matasa da matan unguwa.